Yadda ake ɗaura regiletar mai a injin da ke aiki da kafireto

Duk wanda ya taɓa kwance kafireto ya san 'yar allurar nan da ke tsaye a bakin kafar da fetur ke shigowa. Tsawonta bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba, amma ita ce ke tare dukkan man da famfo ke turowa daga tanki. A ƙarƙashinta akwai ɗan kwanon da mai ke taruwa, a cikin kwanon kuma akwai fulot, wato 'yar kumbon da ke iyo a kan man. Idan kwano ya cika sai fulot ya taso ya danna allura ta toshe kafar, idan inji ya sha man ya ragu sai fulot ya sauka kafa ta buɗe. Ƙarfin da fulot ke da shi bai taka kara ya karya ba, saboda haka da zarar matsin man ya fi ƙarfinsa, sai man ya ture allurar ya shige, kwano ya tumbatsa, fetur ya riƙa kwarara cikin maƙogwaron inji. Wannan shi ne abin da ake kira obafulo a gareji, kuma idan aka bar shi ya daɗe, fetur zai wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara ya tsinka na cikin inji, har allura ta tono garma a kai ga sauke inji gaba ɗaya.

Aikin regileta shi ne ta tsaya tsakanin famfo da wannan allura, kamar dai yadda regiletar tukunyar gas ke tsayawa tsakanin tukunya da murhu. Motar da take yadda kamfani ya ƙera ta, da famfonta na asali wanda inji ke kaɗawa, galibi ba ta bukatar wannan, domin an riga an daidaita famfon da kafireton tun daga masana'anta. Bukatar tana tasowa ne idan an ƙara wa inji ƙarfi aka sa masa babban famfon lantarki, kamar yadda masu gyaran tsofaffin motocin tsere ke yi a Amurka, ko kuma idan an cire injekta aka mayar da mota kafireto aka bar famfon da ke cikin tanki, abin da ba baƙo ba ne a garejin Najeriya. Misalin da zan bi a nan shi ne injin Chevrolet 350 mai silinda 8, wanda aka gyara har ya kai ƙarfin doki 400, ɗauke da kafireton Holley mai kwano biyu, amma ƙa'idar ɗaya ce ga kowane inji.

Matsin da kowane kafireto ke so

Kafin a sayi komai sai a san lambar da ake nema. Ana auna matsin mai da ma'aunin psi, wasu kuma da bar, kuma bar 1 daidai yake da psi 14.5. Manyan kafireton Holley masu maƙogwaro huɗu, irin samfurin 4150 da ya fara fitowa a 1957, suna aiki lafiya tsakanin psi 5 zuwa 7. Na Edelbrock sun fi son wajen 5.5, kuma ba a so a haura 6 da yawa. Kafireton Weber na Italiya, irin su DCOE da 32/36, ƙananan allurai gare su, don haka psi 2.5 zuwa 3.5 ya ishe su, na SU da ke tsofaffin motocin Ingila kuwa ko 3 ba a so su wuce. A kwatanta waɗannan da famfon injekta, wanda ke aiki a wajen bar 3, wato psi 43.5, kuma yana iya ninka hakan idan aka toshe masa hanya, sai a gane dalilin da ya sa motar da aka mayar kafireto ba tare da an rage matsi ba take shan mai kamar rijiya ta ƙafe, tana kuma fitar da baƙin hayaƙi.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna a zuciyar mai wannan aiki tun daga farko: regileta ragewa kawai take yi, ba ta ƙarawa. Idan famfo ba ya kawo isasshen mai, ko tiyo ya yi siriri, ko filta ta toshe, babu adadin murɗa ƙusar saiti da zai cika kwano. Lissafin mai sauƙi ne. Injin fetur da ba shi da tabo (turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska), idan an taka shi har ƙasa, yana shan kusan kashi uku cikin goma na lita a awa ɗaya kan kowane ƙarfin doki guda. Injin doki 400 ke nan yana bukatar wajen lita 120 a awa, wato lita 2 a minti. Dole famfo ya iya kawo fiye da wannan, kuma ya kawo shi a kan matsin da ake so, ba a lokacin da tiyo ke buɗe yana zuba a bokiti ba.

Regileta iri biyu ce, famfo ne ke zaɓar wadda ta dace

Ta farko ita ce mai toshewa. A cikinta akwai fatar roba, da sifirin a samanta, da 'yar bawul a ƙarƙashi. Mai yana shiga ya wuce zuwa kafireto, idan matsin da ke gaba ya kai inda aka saita sai fatar ta ɗaga, bawul ta rufe hanya, man ya tsaya cik a bayanta har sai inji ya sha matsin ya sauka. Ba ta bukatar tiyon komawa tanki, shi ya sa ta fi sauƙin ɗaurawa da araha. Sananniyarta ita ce Holley 12-803, wadda ake saitawa daga psi 4.5 zuwa 9, da 'yar'uwarta 12-804 mai 1 zuwa 4, wadda ita ce ta dace da Weber. Amma tana da sharaɗi: famfon da ke bayanta dole ya kasance yana da tasa bawul ta cikin gida da ke sassauta masa idan an toshe hanya. Shuɗin famfon Holley haka yake, yana tsayawa a wajen psi 14, don haka ne ma ake sayar da shi tare da irin wannan regileta. Jan famfonsu kuwa a wajen psi 7 yake tsayawa, galibi ba ya ma bukatar regileta idan kafireton Holley zai ciyar.

Illar mai toshewa tana bayyana ne a lokacin zafi. Idan mota tana tsaye a silo ko tana jan ƙafa a cunkoso, mai ba ya motsi sosai, yana zaune a cikin tiyo kusa da inji yana ɗaukar zafi, famfo kuma yana ta juya mai ɗaya a cikinsa shi ma yana ɗumama shi. Wasu sassan fetur suna fara tafasa tun kafin a kai zafin da ruwa ke tafasa, kuma idan suka zama tururi a cikin tiyo sai kafireto ya riƙa karɓar iska a maimakon mai, mota ta riƙa shessheƙa ko ta mutu ta ƙi tashi sai ta huce. Wanda ya san ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ta biyu ita ce mai mayar da rara. Ita ba ta rufe wa famfo hanya, sai dai idan matsi ya kai inda aka saita ta buɗe wata kafa ta daban, rarar man ta bi tiyo ta koma tanki. Mai yana zagayawa kullum, saboda haka ba ya zama wuri ɗaya ya yi zafi, famfo ba ya wahala, ƙararsa tana raguwa, matsi kuma ya fi tsayawa wuri ɗaya lokacin da aka taka totur farat ɗaya. Kuɗinta ya fi yawa, kuma sai an ja sabon tiyo daga gaban mota har tanki, wanda a gareji ake ce wa ritan. A ganina, duk motar da za a riƙa hawa kullum a ƙasa mai zafi, wannan ce ta cancanta, wahalar jan tiyon ta kwana ɗaya ce. Ga wanda kuma ya bar famfon injekta a cikin tanki, babu ma zancen zaɓi: mai mayar da rara ce kaɗai za ta yi, kuma sai wadda aka ƙera musamman don saukar da matsi zuwa na kafireto, domin regiletar injekta ba za ta sauko ƙasa haka ba. Idan aka sa wa irin wannan famfo mai toshewa, ko dai ta kasa riƙe shi, ko famfon ya ƙone, ko tiyo ya fashe a kan inji mai zafi.

Kayan da za a tanada

Ban da regiletar da maƙalinta, ana bukatar gejin matsi mai karanta 0 zuwa 15, domin babban geji mai 100 ba zai nuna bambancin 5 da 6 ba. Ana bukatar filta biyu, ɗaya mai manyan ramuka na maikiron 100 (maikiron shi ne ma'aunin girman ramukan filta) tsakanin tanki da famfo, ɗaya kuma mai maikiron 40 tsakanin famfo da regileta. Kada a sa mai ƙananan ramuka tsakanin tanki da famfo, domin famfon lantarki ya ƙware wajen turawa amma rago ne wajen zuƙa.

Girman tiyo ana rubuta shi ne da inci ko da lambar AN, tsarin da ya samo asali daga sojojin Amurka, inda kowace lamba take nufin kashi ɗaya cikin 16 na inci. AN 6 ke nan kashi 3 cikin 8 na inci ne, wajen milimita 10, AN 8 kuma rabin inci. Ga injin doki 400 da za a hau a titi AN 6 zai iya, amma idan ana da niyyar ƙara ƙarfi nan gaba gara a ja AN 8 tun yanzu. Tiyon roba kuwa a duba rubutun jikinsa. Mai ɗauke da SAE J30R7 na ƙaramin matsi ne, J30R9 na babban matsi ne kuma ya fi jure fetur mai gaurayen barasa, wanda zai zauna tsundum a cikin tanki kuma J30R10 ake nema. Tiyon ruwa ko na iska ba ya shiga wannan aiki ko da ya yi kama da na mai, haka ma bututun jan ƙarfe, domin jijjiga tana busar da shi ya tsage.

A ajiye abin kashe gobara a kusa, a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da mai walda da mai shan sigari, inji kuma a bar shi ya huce sarai. A cire kan batir na negatif, mai alamar (-), kafin a taɓa kowane tiyo.

Ɗaurawa da jan tiyo

Abu na farko shi ne zaɓen wuri. Regileta tana zama ne kusa da kafireto gwargwadon hali, ba kusa da tanki ba, kuma dalilin ya cancanci a fahimce shi. Man da ke cikin dogon tiyo daga bayan mota zuwa gaba yana da nauyi, idan mota ta figa da ƙarfi sai nauyin ya ja shi baya, ya yi wa famfo tirjiya. Idan figar ta kai ƙarfin jan ƙasa, kowace mita ɗaya ta tiyo tana cinye wajen psi 1, wato tiyo mai mita 4 zai ci 4. Da a ce an rage matsin zuwa 6 tun daga baya, da 2 kawai zai iso gaba a daidai lokacin da inji ya fi ƙishirwa. Amma idan famfo ya turo 14 har gaba, sannan regileta ta rage shi a bakin kafireto, asarar ba za ta taɓa kwano ba.

A ɗaure ta da maƙalin ƙarfe a jikin bangon da ke saman taya ta ciki, ko a kan wata ƙusar manifol ɗin iska, wato ƙarfen da kafireto ke zaune a kai, ta yadda hannu zai kai ga ƙusar saiti ido kuma ya ga geji. Kada a bar ta tana lilo a jikin tiyo, nauyinta da jijjigar inji za su sassauta mahaɗai. A nisanta ta da manifol ɗin hayaƙi da salansa da fambel da sandar totur, kuma idan wurin ya ƙuntata har dole tiyo ya ratsa kusa da zafi, a sa masa rigar kare zafi ko a tare shi da farantin alminiyam. Idan a jikin mota aka ɗaure ta, tiyon da zai tsallaka zuwa inji dole ya zama mai lanƙwasa kuma a bar masa ɗan sassauci, saboda inji yana jirkitawa a kan kujerunsa duk lokacin da aka ba shi wuta.

Daga nan sai a tantance kafofinta, kuma a nan ne na ga mutane sun fi yin kuskure. A jikin Holley 12-803 mai toshewa, kafar ƙasa ita ce mashiga, biyun gefe su ne mafita. A jikin yawancin masu mayar da rara kuwa, kafar ƙasa ita ce ta komawa tanki, na gefe su ne na shiga da fita. Siffarsu ta waje kusan ɗaya ce, don haka wanda ya saba da ɗaya zai iya haɗa ɗayar a juye ba tare da ya lura ba. A karanta haruffan da aka buga a jikin ƙarfen da takardar da ta zo da ita, kada a dogara da abin da aka saba.

Sai batun zaren murɗawa, wanda ake kira tiredi. Iri uku ne ake haɗuwa da su, kuma kowanne da yadda yake toshe yoyo. Na farko shi ne NPT, wanda yake tsukewa a hankali kamar kan karas, irin wanda ke jikin 12-803 mai girman kashi 3 cikin 8 na inci, da ƙaramin na geji mai kashi 1 cikin 8. Shi kaɗai ne ke bukatar maganin toshewa. A shafa man toshe tiredi mai jure fetur a jikin namijin, a bar zare biyu na farko babu komai, a murɗa da hannu har ya tsaya, sannan a ƙara zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da sifana. Wuce haka yana tsaga jikin regileta, domin ƙarfenta mai taushi ne. Farin tef ɗin da masu gyaran famfon ruwa ke naɗawa ban yarda da shi a layin mai ba, saboda ɗan zaren da zai gutsure daga jikinsa ya isa ya maƙale a ƙarƙashin allura ya jawo obafulon da aka sayi regileta dominsa. Na biyu shi ne AN, wanda ke toshewa da baki mai karkatar digiri 37 da ke zama a kan ɗan'uwansa. Ba a shafa masa komai sai ɗigon baƙin mai don kada ya ci, kuma ba ya haɗuwa da mai karkatar digiri 45 ko da tiredin ya shiga. Na uku shi ne miƙaƙƙen tiredi mai zoben roba a gindi, inda zoben ne ke toshewa. Tura mahaɗin NPT cikin irin wannan kafa yana lalata ta har abada.

Yanzu a ja layin mai a jere: tanki, babbar filta, famfo, ƙaramar filta, regileta, kafireto. Famfon ya zauna kusa da tanki kuma ƙasa da shi, don mai ya gangaro masa da kansa. Tiyo ya bi jikin shasi ta ciki, a kama shi da kilif mai roba bayan kowane taku ɗaya ko ɗaya da rabi, duk inda zai huda ƙarfe a sa masa zoben roba a ramin, kuma kada ya shiga ɗakin fasinja ko kaɗan. A guji lanƙwasa mai kaifi. Mahaɗi mai kwana a hankali ya fi wanda aka huda a kusurwa barin mai ya wuce. Idan tiyo mai saƙar waya ne, a naɗe wurin yanka da tef sannan a yanka da zarto mai ƙananan haƙora, bayan an sa kawunansa kuma a wanke cikinsa a busa masa iska. Wannan wanki ba abin rainawa ba ne, sababbin kafireto da yawa garin robar sabon tiyo ne ya fara toshe su.

Ga kafireto mai kwano biyu da regileta mai toshewa, kowace mafita ta ciyar da kwano ɗaya, da tiyo biyu masu kusan tsawo ɗaya. Idan ana so a sa geji, sai a saka mahaɗi mai 'yar kafar geji a ɗayan tiyon. Idan kwano ɗaya ne, mafita ɗaya ta tafi kafireto, ɗayar ta ɗauki geji ko a toshe ta.

Mai mayar da rara kuwa hanya biyu ake haɗa ta. Ko dai mai ya shiga ta gefe ɗaya ya fita ta ɗayan zuwa kafireto, rara ta sauka ta ƙasa, ko kuma mai ya fara bi ta bututun da ke ciyar da kwanukan biyu, sannan ya ƙare a regileta da ke ƙarshen bututun. Hanya ta biyu ta fi, domin sanyin man da ke zagayawa yana wucewa ta bakin allurai kai tsaye. Ko wacce aka bi, tiyon komawa kada ya gaza na zuwa girma. A silo inji ɗan kaɗan yake sha, kusan duk abin da famfo ya turo komawa yake yi, idan hanyar komawar ta yi ƙunci sai matsi ya taru ya ƙi sauka komai sassauta ƙusa. Man ya shiga tanki ta sama, da ɗan bututu a ciki da zai kai shi ƙasa nesa da inda famfo ke zuƙa, don kada ya riƙa zubowa yana tayar da kumfa. Kada a mayar da bututun numfashin tanki ya zama na komawa, kuma kada a kusanci tankin da ya taɓa ɗaukar fetur da wutar walda. Hanya mafi aminci ita ce a cire farantin da ke ɗauke da gejin tanki a yi hujin a kansa can nesa da mota.

Wayar famfo ta bi ta rile, wato makunnin da ke ɗaukar nauyin wuta, da fiyus daidai da abin da kamfaninsa ya rubuta, da waya mai kauri tun daga batir, domin famfon da wuta ba ta isa gare shi sosai matsinsa faɗuwa yake yi. A kuma ratsa da ita ta makunnin matsin baƙin mai ko makunnin da ke yankewa idan an yi karo, saboda idan inji ya mutu a hatsari kada famfo ya ci gaba da feshin fetur.

Saiti

Kafin a haɗa tiyo da kafireto, a karkatar da bakinsa cikin galan mai ma'auni, a mayar da kan batir, a kunna famfo. Wannan yana wanke layin, yana kuma ba da damar auna yawa. Ga injin misalinmu, lita ɗaya ta cika a ƙasa da daƙiƙa 30 da rata mai kyau, idan ta kai 30 ko ta wuce to akwai matsala a famfo ko filta ko tiyo, kuma a nan za a tsaya a gyara.

A haɗa komai, a sassauta notin da ke kulle ƙusar saiti, a warware ƙusar zuwa waje don a fara daga ƙaramin matsi. A kunna famfo ba tare da an tayar da inji ba, a bi kowane mahaɗi da busasshiyar takarda, domin tana nuna danshin da ido ba ya gani. A leƙa maƙogwaron kafireto daga gefe, bai kamata a ga ɗigo ko ɗaya ba. Ga mai mayar da rara, wannan ne lokacin gwada tiyon komawa: da ƙusa a warware gaba ɗaya, geji ya nuna ƙasa sosai da lambar da ake nema, idan ya tsaya a 5 ko 6 to tiyon ya yi siriri ko ya lanƙwashe a wani wuri.

Sai a tayar da inji ya yi ɗumi a silo. Murɗa ƙusa ciki, wato yadda hannun agogo ke tafiya, yana danne sifirin ya ƙara matsi, warwarewa tana ragewa. A riƙa yin rubu'in zagaye ana jira allurar geji ta zauna. Mai toshewa ba a saita ta da inji a kashe, musamman wajen ragewa, domin man da ya riga ya shige gabanta ba shi da mafita, geji zai ci gaba da nuna tsohuwar lamba har sai inji ya sha shi. Ga Holley a tsaya a 6 zuwa 6.5, a riƙe ƙusar kada ta motsa, a ɗaure notin kulle, a sake duba geji domin ɗaurin kansa yakan ɗan jirkita lambar.

Bayan matsi ne ake daidaita fulot, ba kafinsa ba, saboda sauya matsi yana sauya tsayin mai a kwano. A kafireton Holley mai 'yar ƙusar leƙe a gefen kwano, ana so man ya tsaya daidai gindin ramin, ya ɗan tsattsafo idan an girgiza mota. A masu tagar gilashi kuwa tsakiyar tagar ake nema.

Geji ma yana da nasa halin. Mai ruwa a ciki, wanda ake so saboda allurarsa ba ta rawa, yana nuna ƙasa da gaskiya idan ya yi zafi a ƙarƙashin bonet, domin ruwan yana kumbura a cikin rufaffen gidansa. Sau da yawa mutum zai ga lamba ta faɗi bayan rabin awa ya bi ta da ƙusa, ya kai matsin gaske 9 alhali geji yana ce masa 6. Idan ana shakka a zuba masa ruwan sanyi a gani ko allurar za ta dawo, ko a buɗe 'yar robar samansa ya yi numfashi.

Gwajin da ya rage shi ne na kan hanya, kuma shi ne ainihin gwajin, domin a silo ko famfon da ya gaji zai nuna lamba mai kyau. Ana bukatar ganin matsi lokacin da aka taka totur har ƙasa a giya ta biyu ko ta uku. Ba a shigo da tiyon fetur cikin mota don wannan. A yi amfani da gejin lantarki, ko a ja gejin waje a manne shi a gindin gilashin gaba na ɗan lokaci, wani ya tuƙa wani ya duba, a wurin da babu jama'a. Saukar rabin psi zuwa ɗaya ba komai ba ce. Idan ya zube zuwa 3 ko ƙasa a kafireton da aka saita a 6, a ɗaga ƙafa nan take, domin inji yana gudu da ƙarancin mai kuma hakan yana ƙona fistin. Laifin yana baya, a filta ko waya ko numfashin tanki ko famfo. Idan kuma a silo ne lambar ke hawa sannu a hankali a regileta mai toshewa, datti ne ya hana bawul ɗinta rufewa, sai a kwance a wanke a duba filta.

Wanda injinsa ke da tabo mai hura iska ta cikin kafireto yana da ƙarin tiyo ɗaya: a saman regiletar da aka ƙera don haka akwai ɗan nono da ake haɗawa da bututun iskar da ke shiga kafireto, don duk psi ɗaya da iska ta ƙaru mai ma ya ƙaru da ɗaya. A injin da ba shi da tabo ana barin wannan nono a buɗe, ba a toshe shi, kuma idan aka ga fetur yana fitowa ta nan fatar ciki ce ta yage.

Bayan an dawo daga gwaji a kashe mota a bar ta minti 15 da bonet a rufe, sannan a buɗe a sake bin mahaɗai da takarda, a zaro gejin baƙin mai a sansana ko akwai warin fetur. Tiyon roba yana lotsawa a ƙarƙashin kilif bayan ya sha zafi da sanyi 'yan lokuta, saboda haka bayan mako guda a koma kansu da sukundireba a ƙara ɗaure su.